Ƙaho a Ƙafar Fuseni

Kwanakin baya samari uku suka zo shagona a Moshi Zango, kowanne rataye da 'yar jaka. Cikin jakar akwai injin nan da kuke kira bindigar tausa, mai kan roba, wanda in an kunna shi yake dukan nama yana gurnani. Babbansu ya gaishe ni, ya ce, "Masta Salisu, mun iya aikin sosai paa, ɗan abin da ya rage ne muke so ka nuna mana. Sati biyu ya isa?" Na tambaye shi, in mutum ya shigo yana ɗingishi, ta yaya zai gane tsamin jiki ne ko nama ne ya yage. Ya ce injin yana da lambobi, sai a fara da ƙarama. Na ba su benci suka zauna, na sa aka kawo musu sobolo, wato zoɓo, mai sanyi, don baƙo baƙo ne ko da raina maka sana'a ya zo yi. Raina ya ɓaci ranar, ban iya yi musu dogon bayani ba. Shi ne na zauna na rubuta, su da ire-irensu su karanta in wayar hannu ta bar su.

Aikina tausar 'yan wasa ne. Na taɓa ƙafar 'yan ƙwallo, na taɓa kafaɗar 'yan dambe, amma waɗanda suka fi cinye mini ƙarfi su ne masu wasan da ake kira tirayatilon, wanda mu a Zango muke ce wa wasan uku. Mutum ya faɗa ruwa ya yi iyo mai nisa, ya fito jiƙe ya hau keke ya yi tafiyar da ko mota sai ta sha mai, ya sauka ya kama gudu, duk a tashi ɗaya ba hutu. Ba su da yawa a Kumasi, tunda ba mu da teku, sai tafkin Bosomtwi da wuraren wanka na otal. Amma ɗayansu ya fi 'yan ƙwallo biyar wahalar gyara. Ruwa yana cin kafaɗa, keke yana cin cinya da ƙugu, gudu kuma ya zo ya karɓi abin da ya rage a sharaɓa da agara.

Ba da tausa na fara ba, da aska na fara. Wan mahaifiyata, Kawu Mumuni, wanzami ne, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. A hannunsa na koyi wasa aska da ɗaukar zabira da kafa ƙaho. Ga wanda bai taɓa gani ba, ana ɗora ƙahon saniya a jikin mutum, a zuƙe iska ta ɗan ramin da ke tsininsa a toshe, nama ya kumburo ciki. Sai a cire, a yi ƙananan tsaga da aska, a mayar da ƙahon ya jawo jinin da ake kira matacce. Na ga 'yan dako sun shigo wurin Kawu a duƙe sun fita a miƙe, don haka ba za ku ji na zagi ƙaho ba. Kawu yana da hannu, kuma askarsa ba ta taɓa kwana da datti ba. Abin da bai sani ba shi ne lokacin ɗan wasa. A zamaninsa wanda aka yi wa ƙaho gida yake komawa ya kwanta, ba wanda yake tashi ya faɗa tafki.

Wani tsoho Ba'ashante, Opanin Bediako, shi ya koya mini tausa. Yana yi wa wata ƙungiyar ƙwallo aiki a wajen Atonsu, ni kuma na je yi wa 'yan wasan aski, ya ga yadda nake riƙe kan mutum ya ce in dawo. Shekarar farko ban taɓa jikin kowa ba, tawul nake wankewa ina ɗauko ruwa. Ranar da ya ga dama ya fara koya mini, mahauta ya kai ni ya sayi ƙafar saniya guda. Ya sa na rufe ido na bi naman da babban yatsa, in gaya masa inda ya nufa, inda ya zama jijiya, inda ya kwanta kan ƙashi. In na yi kuskure sai ya ƙwala mini cokali a bayan hannu. Da yamma matarsa ta dafa ƙafar muka cinye, mako na zagayowa ya sayo wata. Da Hausarsa ta kasuwa yake ce mini, "Salisu, hannu ya ji tukuna kafin ya yi magana." Na daɗe ina jin haushin cokalin nan, har yanzu kuwa in na tuna bayan hannuna yakan yi ƙaiƙayi.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Akwai benci mai tsayin ƙugu da kafinta ya huda mini rami a kansa don fuska. Akwai man kaɗe, wanda nake saya wurin matan da ke kawowa daga arewa, ba na kanti mai turare ba, domin na kanti santsi ne da shi, yatsa ya wuce kan ƙulli bai ji ba. Akwai muciya da na kankare na nannaɗe da tsohon tub na keke, da ita nake murza bayan cinya. Akwai tawul, da durom rabi na ruwa, da ƙanƙarar da nake saya wurin masu sayar da kifi. In wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, kamar yadda ta saba, sai ruwan rijiya na asuba. Man zafi ina da shi, amma a ƙasan jaka yake zama. Mutanenmu sun ɗauka duk abin da ya yi raɗaɗi a fata magani yake yi a ciki.

Wani babban mutum daga wajen Manhyia ya taɓa aiko mota a ɗauke ni. Ya shiga jim, wato gidan motsa jiki, ranar Asabar karon farko bayan shekaru, ya ɗaga ƙarfe don 'yan mata su gani, ranar Litinin ya kasa sauka daga bene. Na shafa shi a hankali, na sa ya taka a tsakar gida, na ce ya sha ruwa ya yi barci, kafin Juma'a zai manta. Ya ce shi ke nan? Ya ce mai tausarsa na da sai ya sa shi ihu. Bai sake nemana ba. Irinsa sun fi yawa cikin masu zuwa, so suke a wahalar da su su san an yi aiki, kuma wannan injin naku don su aka ƙera shi.

To ga amsar tambayar da na yi wa babbanku. Tsami ba ya zuwa ranar da aka yi wahala, sai washegari, ya fi tsanani kuma a rana ta biyu. Ƙafa biyu yake kamawa, ya bazu, in mutum ya fara tafiya jiki ya ɗumama sai ya sassauta. Yagewa kuwa nan take take zuwa, mai ita zai nuna maka wurin da yatsa ɗaya, wurin ya yi zafi, wani lokaci ya yi baƙi. Wannan ba a tausarsa. Ƙanƙara a cikin tawul, a ɗaga ƙafa, a tafi asibiti. In kuma ɗan wasa ya ce maka fitsarinsa ya koma kamar shayi ba madara, ka ajiye man kaɗenka ka nemo mota, kada ka bar shi ya haɗiyi ƙwayar kashe ciwo ya ce zai kwanta. Maganin tsami kuma tun kafin ya zo ake yinsa. A ƙara nisa kaɗan-kaɗan, ba a tashi ɗaya ba. In an gama gudu kada a zube, a taka har numfashi ya dawo. A sha ruwan kwakwa da ɗan gishiri, a ci wake da shinkafa da ƙwai tun jiki bai huce ba, a yi barci kamar an biya mutum ya yi. Washegari a hau keke a zaga a hankali. In tsere ya matso kuma, ba sabon takalmi, ba sabon abinci, ba sabon hannu a jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar da aka fara kawo mini Fuseni, a bayan aboboya aka kwanto shi, wato babur ɗin kaya mai ƙafa uku. Ya yi wasan uku karon farko, tsami ya kama shi, abokansa suka gasa shi da ruwan zafi suka murje shi da man zafi har ya kasa tsayuwa. Ɗan Alhaji Isaka ne mai goro, yana gyaran keke a bakin titi, iyo kuma a Yeji ya koya wurin dangin uwarsa masunta. Da na ɗora hannu a sharaɓarsa na san ban taɓa riƙe irin ƙafar nan ba. Doguwar jijiya, nama ba ƙulli, ga shi ba ya raki. Na tsoma shi a durom, na shafa sama-sama, na kore abokan. Bayan kwanaki ya dawo da ƙafarsa, ya ce daga yau ni ne mai kula da shi, sai dai ba shi da abin biya sai gyaran keke. Ni kuwa ko keke ba ni da shi.

Shekaru muka yi tare. Ya haɗa keken tserensa da kansa daga tarkacen da ake shigowa da su, kowane ɓangare da ƙasarsa. Yakan hau shi har bakin tafki, ya yi iyo, ya hawo tudun nan mai tsayi ya dawo Kumasi, ya faɗo kan bencina yana wari kamar kifi. Halinsa ɗaya, yana son tausa mai ƙarfi, kuma ya fi sonta in tsere ya kusa, lokacin da zuciya ba ta kwance. Zai ce, "Masta, danna paa, danna in ji a ƙashi." In ce, "Bayan tsere." Tausa mai zurfi ita ma wahala ce, tana barin tsaminta, don haka in tsere ya matso shafa kawai nake yi. Ya yi ta roƙo, in yi ta cewa bayan tsere, har abin ya zama gaisuwarmu. In mun haɗu a masallaci zai raɗa mini, "Danna," in ce masa, "Bayan tsere."

Mahaifinsa bai taɓa zuwa kallo ba. Alhaji Isaka yana cewa jikan malamai ba ya tuɓewa ya rage ɗan wando ya faɗa ruwa a gaban mata. Bai hana shi da baki ba, amma in Fuseni ya kawo kofi ko lambar yabo gida, Alhaji ko ɗaga kai ba ya yi. Fuseni bai taɓa kawo mini ƙarar ubansa ba. A bayansa nake jin abin, domin duk ranar da aka yi irin wannan, naman da ke tsakanin allon kafaɗunsa yakan ɗaure.

Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Aka ce za a yi tsere a tafki, a zaɓi mutum biyu da za su fita waje su wakilci ƙasa. Fuseni ya haura talatin, mun san in wannan ta wuce ba wata. Muka tsara komai. Ya rage wahala da tseren ya matso, ya yi barci, ya ci abin da na ce. Ana sauran mako na taɓa ƙafafunsa na ji babu abin da zan ƙara musu, aikina kawai in hana kowa ɓata su.

Ana jibi tsere, bayan la'asar, aka aiko in je gidan Alhaji Isaka. Na tarar da shi a zaure kan buzu, fuska a sake, abin da ban taɓa gani ba. Fuseni na durƙushe a gefe. Ga Kawu Mumuni kuma, ya tsufa, gemu fari fat, ya buɗe zabira ya jera ƙahoni a kan tabarma. Ashe bayan sallar Juma'a mutane sun kewaye Alhaji suna yi masa barka, wai ɗansa zai ɗaga tutar Ghana a ƙasar waje, har liman ya sa albarka.

Alhaji ya ce, "Salisu, zauna. Na kira ka ne don an ce kai ke kula da shi. Ban taɓa yi wa yaron nan komai ba a kan wasan nan nasa. Ni lokacin da nake kai goro arewa, duk tafiya sai Mumuni ya kafa mini ƙaho, kuma ban taɓa kwantawa a hanya ba. Yau zan yi wa ɗana."

Na ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma ina roƙon arziki, a bari sai ya dawo. Ranar da ya dawo ni zan riƙe wa Kawu zabira."

"In ya dawo me ya rage? Kafin tafiya ake yi."

"Ruwa zai shiga, Alhaji, da tsaga a jiki. Kuma wurin da ƙaho ya zauna yakan yi tsami, ba zai warware kafin jibi ba."

Kawu bai dube ni ba, yana goge aska ya ce, "Salisu, wa ya koya maka ƙaho?"

"Kai ne, Kawu."

"To tun yaushe ka fi ni sanin inda yake tsami?"

Na ce, "Ban fi ka ba, Kawu. To a yi busasshe, ba tsaga. Ko a yi a gadon baya, a bar ƙafa."

Alhaji ya yi dariya, ya ce, "Ƙafa ce za ta yi aikin, a can mataccen jinin yake. Ko kai ne ubansa?"

Na juya wurin Fuseni na ce, "Kai ne mai ƙafa. Faɗa musu." Na faɗa ne da ƙarfi, a gaban manya, abin da ba a yi a Zango. Ya san duk abin da na sani, ni na koya masa. Ya dube ni, ya dubi ubansa, wanda shi Fuseni ya shekara goma yana jiran ya ɗaga kai ya dube shi. Sai ya ce, "Masta, mepacho, ka yi haƙuri," ya naɗe wandonsa har sama ya kwanta rub da ciki. Kawu ya jera masa ƙahoni a sharaɓa biyu da bayan cinya. Aiki mai tsabta ya yi, ba zan yi masa ƙarya ba. Alhaji na zaune yana addu'a, hannunsa a kan Fuseni, har aka gama.

Washegari na yi abin da ya rage mini. Na wanke tsagar da ruwan gishiri, na liƙa filasta, na sa ya ɗaga ƙafa jikin bango. Ban tsoma shi a durom ba, ban tausa ba, babu inda zan ɗora yatsa. Kowane gurbin ƙaho ya yi baƙi ya kumbura, in na matso da hannu naman sai ya ɗaure da kansa. Ya tambaye ni, "Zai yi?" Na ce ruwa zai yi, keke zai yi, gudu kuwa sai abin da Allah ya yi.

Haka kuwa aka yi. Shi ya fara fitowa daga tafki, filastocin duk sun tafi da ruwa. A keke yana cikin na gaba. Da ya sauka ya kama gudu, ina tsaye a bakin hanya da ruwan kwakwa, tun daga nesa na ga takunsa ya gajarce, yana sauka a dunduniya don sharaɓa ta ƙi miƙewa. Gumi na shiga tsagar, jini na bin ƙwauri. Mutum ɗaya ya wuce shi, sannan na biyu, wanda Fuseni bai taɓa ganin bayansa ba sai ranar. Daga nan na daina dubawa. Bai tsaya ba, da tafiya ya ƙarasa, ya faɗi a tantin likita.

Likitar wata matashiya ce, ta ɗaga ƙafar ta ga tabon, ranta ya ɓaci, kuma tana da gaskiya. Ta tambaya wa ke kula da ƙafafun nan. Duk wanda ke tantin ya juyo ya dube ni, tunda kowa ya san mai tausar Fuseni, kowa kuma ya san gidan wanzamai na fito. Fuseni na kwance ana ƙara masa ruwa, bai san inda yake ba. Kafin la'asar wani daga cikin masu shirya tseren ya ja ni gefe ya ce kada a ƙara ganina kusa da 'yan wasa. Da Fuseni ya farfaɗo ya ji, ya ce zai je ya faɗi gaskiya. Na ce ya je ya ce wa ya yi? Ubansa, ko mutumin da ya ciyar da ni ina maraya? Kuma ko ya faɗa, an riga an zaɓi mutum biyun.

Wannan ɗaya ke nan. Da muka dawo Zango sai na tarar da wani labarin daban. A majalisa Kawu ya ce su sun cire mataccen jini, ni kuma na je na tsoma yaro a ƙanƙara na cusa masa sanyi a ƙafa. Ban tsoma shi ba, amma kowa ya san durom ɗina, kuma tun da can ba a yarda da shi ba. Su can sun kore ni saboda ƙahon da ban kafa ba, mutanena kuma suka juya mini baya saboda ƙanƙarar da ban sa ba. Iyaye suka hana 'yan ƙwallon unguwa zuwa wurina. Masu keke da masu gudu suka koma wurin wasu, in mun haɗu su gaishe ni daga tsallaken titi. Bencina ya zama wurin shanya. Na ciro tsohuwar askata na koma yi wa tsofaffi aski a gindin bishiya, ina da shekara hamsin da wani abu, ina kankare kawuna kamar ranar da na fara. Na ji zafin wannan, har gobe kuma ina ji.

Tsagar Fuseni ta ruɓe saboda ruwan tafki, ya yi makonni yana jinya. Da ya warke bai sake shiga tsere ba. Ya sayar da keken, ya haɗa kuɗi ya sayi aboboya, yanzu buhunan albasa yake ɗauka daga kasuwa. Kawu Mumuni ya rasu bayan 'yan shekaru, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma har ya koma ga Allah ban tayar masa da maganar ba. Alhaji Isaka yana nan da rai. In an yi zancen yakan ce Allah bai nufa ba, da ba don ƙahon ba ma da yaron bai fito daga ruwa da rai ba. In na gaishe shi yana amsawa, a gajarce.

Aiki ya dawo daga baya, kaɗan-kaɗan, bai kai na da ba. Yanzu in ɗan wasa ya zo zan karɓe shi, kafin in tambayi inda ke masa ciwo sai na tambayi wa ke gidansu. Uwa mai ruwan zafi, kawu mai aska, aboki mai sabon inji irin naku, duk masoyansa ne, kuma duk ana jibi tsere suke tasowa da taimakonsu. Nakan je gidan tun da sauran wata guda, in durƙusa in gaida manya, in ce in akwai abin da za a yi masa a yi yanzu. Wasu su ji, wasu su ce ga mai ƙanƙara ya zo. Wannan ma yana cikin sana'ar, kuma ban san lambar da za ku murɗa a injinku ta yi muku shi ba. In har yanzu kuna son koyo, ku zo da tawul da sabulu, ku bar jakar a gida. Cokali ina da shi.

Ranar Juma'ar da ta wuce Fuseni ya zo, ya ajiye aboboyarsa a bakin kwata. Ƙugu ke damunsa yanzu, ciwon masu zama kan babur, ya yi tumbi, furfura ta fara fito masa. Ya hau benci ya kwanta rub da ciki, ya naɗe wando kamar yadda ya saba ko da ba ƙafar ce ta kawo shi ba. Tabon na nan a jere a sharaɓa biyu, sun yi fari. Na fara shafawa sama-sama, hannu ya riga ya saba da shi haka. Fuskarsa cikin ramin benci, ya ce, "Masta, danna paa. Ba ni da tsere gobe."

Na ɗebo man kaɗe, na ɗumama shi a tafin hannu, na danna.